Jikinta Bai Manta Ba: Shaida Kan Wata Uwa Da Dashen Ƙoda

Ta yarda a ba da labarinta bisa sharaɗin ba za a faɗi sunanta ko unguwarsu ba, don haka zan ce mata Hajiya kawai, yadda ma'aikatan ɗakin wankin ƙoda ke kiranta. Tana da shekara arba'in da ɗaya ƙodojinta suka tsaya. An yi mata aure tana 'yar sha bakwai, ta yi ciki bakwai, shida suka zo da rai, ɗaya ya zube a wata na huɗu. A haihuwa ta biyar ta yi jijjiga, daga nan hawan jini ya zauna mata, magani kuwa sai ranar da kai ya sara. Ana nan a haka har ranar da ƙafafu suka kumbura, numfashi ya fara gagara, aka kwashe ta zuwa asibiti, aka sa mata bututu a wuya aka fara wanki.

Ƙa'idar wankin ƙoda sau uku ne a mako, awa huɗu kowane zama. Su sau biyu suke iyawa, wani makon ma sau ɗaya. Dashe kuma ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan, tun shekarar 2000 aka fara shi a asibitin St. Nicholas da ke Legas, a 2002 Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya bi sahu. Da likita ya kawo maganar, maigidanta bai bari an kai aya ba.

"Likita, a cire tawa. Jinina O ne, an ce kowa ina iya ba shi."

Ta fuskar rukunin jini ya yi gaskiya, ita B ce, mai O kuma yana ba kowa. Sai dai rukunin jini ƙofar zaure ce kawai. Bayanta akwai wata ƙofar da ake kira HLA, a can aka tsayar da shi.

HLA furotin ne da ke tsaye a bayan ƙwayoyin jikin mutum, kamar zanen da wanzami ke yi wa jariri don a san ɗan gidan wane ne. Umarnin ƙera shi yana kan kromosom na 6, ɗaya daga cikin ƙunsoshin gado da ke cikin ƙwayar jiki. Kashi biyu ne. Kashi na farko, wato A da B da C, yana kan kusan kowace ƙwayar jiki. Na biyu, wato DR da DQ da DP, ya fi yawa a kan wasu fararen ƙwayoyin jini da kuma shimfiɗar cikin ƙananan jijiyoyin ƙoda, yana kuma ƙaruwa in wurin ya kumbura. Kowa yana gadon ƙunshi ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba, a ɗaure, ba a cika warware su ba. Asalin aikinsa ba shi da haɗi da dashe. Samansa kamar akushi yake, yana ɗauko ɗan guntun abin da ke cikin ƙwayar ya ɗaga wa dakarun jiki su duba, ko akwai cuta a ciki. A 1987 Pamela Bjorkman da Don Wiley da Jack Strominger suka fitar da siffar nau'in A2, aka ga akushin da ido: gindi shimfiɗaɗɗe, ganuwa biyu a gefe, guntun furotin mai amino asid (tubalan da ake gina furotin da su) takwas zuwa goma kwance a tsakani. A gindin nan da kan ganuwar nan mutane suka fi bambanta, nau'o'in da aka ƙidaya sun kai dubbai.

Aka ɗebi jinin su biyun a kwalba mai murfi shuɗi-ja don karanta nau'in kowa. Hajiya: A30 da A33, B35 da B7. Maigida: A36 tare da B53 a ƙunshi ɗaya, A23 tare da B45 a ɗayan. Rashin kama tsakanin mata da miji ba abin tsoro ba ne, da magungunan yanzu ana dasa ƙodar da ba ta yi kama ko a wuri ɗaya ba ta kuma daɗe. Abin tsoro shi ne a tarar jikin mara lafiya ya riga ya tanadi makami a kan nau'in mai bayarwa. Wannan makami shi ne antibodi.

Hanya uku jiki ke koyon ƙera shi: ciki, ƙarin jini, da dashen da aka taɓa yi. Kowane ɗan da Hajiya ta ɗauka rabinsa na ubansa ne. Mabiyiya tana ɓoye A da B na HLA, wannan na cikin abin da ya sa jikin uwa ba ya far wa ɗan tayi, amma ƙwayoyin jinin jariri kan tsallaka cikin jinin uwa, musamman lokacin haihuwa ko ɓari. Jikin wasu matan ya share, na wasu ya rubuta ya ajiye. Ta wannan hanya ma aka fara sanin HLA ɗin sosai, domin a 1958 Jon van Rood a Holan da Rose Payne a Amurka, kowa a nasa ɗakin, suka gano cewa ruwan jinin matan da suka haihu da yawa yana dunƙule fararen ƙwayoyin jinin mazajensu. A shekarar ce kuma Jean Dausset na Faransa ya bayyana nau'in farko, wanda daga baya aka sa wa A2.

Gwajin farko da aka yi mata na duwatsu ne, wanda ake karantawa da na'urar Luminex. 'Yan mitsi-mitsin duwatsun roba ne, kusan ɗari ga kowane kashi, kowane dutse da launinsa kuma an shafe shi da nau'in HLA guda. A zuba musu ruwan jinin mara lafiya, a bari rabin awa, a wanke, a zuba wani sinadari mai ƙyalli da ke kama antibodin mutum, na'ura ta karanta hasken kowane dutse ta ba da lamba da ake kira MFI. Yawancin ɗakunan gwaji suna sa iyakarsu tsakanin 1,000 da 2,000. Takardar Hajiya ta dawo, dutsen B53 yana wajen 900. Wanda ya fara dubawa ya ce babu komai, aka shiga murna a gida.

Ni a ganina kuskure mafi yawa a wannan aiki shi ne a karanta lamba ɗaya a rufe takarda. Da an bi jerin daga sama zuwa ƙasa, da an ga cewa B53 ba shi kaɗai ya ɗaga ba. B44, B51, B52, B57, B58, B13, B49, har da A23 da A24 da A32, duk sun ɗan ɗaga kai daidai wa daida, sauran duwatsun kuwa suna kwance a ƙasa. Wannan jeri ba haɗuwar tsautsayi ba ce.

Antibodi siffar gwafa gare shi, baki biyu da wutsiya ɗaya. Kowane baki yana da madaukai shida, kuma ba ya iya rungumar HLA gaba ɗaya, ɗan fili yake dafawa mai amino asid goma sha biyar zuwa ashirin da ɗoriya. A cikin filin ma, biyu zuwa biyar ne a tsakiya ke yanke hukuncin ko zai kama ko ba zai kama ba. René Duquesnoy na Jami'ar Pittsburgh ya sa wa wannan 'yar cibiya suna eflet. Wato antibodi bai san wani abu wai shi B53 ba, mu ne muka raɗa sunan. Shi bille kawai yake gani a kumatu, kuma duk wanda ya zo da irin wannan bille, ko daga wane gida ya fito, a wurinsa mutum ɗaya ne.

Billen da jikin Hajiya ya haddace sunansa Bw4. Yana kan ganuwar farko ta akushin, daga amino asid na 77 zuwa na 83. Kusan kowane nau'in B a wannan wuri ko dai Bw4 yake ɗauke da shi ko kishiyarsa Bw6. B35 da B7 na Hajiya duka Bw6 ne, don haka Bw4 baƙo ne a jikinta ɗungurungum. Abin da ke ba ni mamaki har yau shi ne B35 ɗinta da B53 na mijinta kusan tagwaye ne, amino asid biyar kacal suka raba su, a wurare na 77, 80, 81, 82 da 83. A kan waɗannan biyar ɗin aka hana shi ba matarsa ƙoda. B53 kuwa ba baƙo ba ne a Afirka ta Yamma, binciken da Adrian Hill da abokansa suka yi a Gambiya aka buga a 1991 ya danganta shi da kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Saboda haka irin wannan haɗuwa ta mata da miji ba sai an je nesa ba.

To me ya sa lambar ta fito ƙasa? Domin antibodi ɗaya ne ya rarrabu a kan duwatsu da yawa, kowa ya sami ɗan kaɗan, kamar tuwon mutum ɗaya da aka raba wa almajirai ashirin. A cikin ƙodar da aka dasa kuwa babu mai raba masa, duk a wuri ɗaya zai sauka. Akwai kuma akasin haka, inda antibodi ya yi yawa har sinadaran da ya jawo suka rufe shi, mai ƙyallin ya kasa kai wa gare shi, lamba ta fito ƙasa alhali jinin cike yake. Maganin wannan a sa wa ruwan jinin sinadarin EDTA ko a sirka shi kafin gwaji. Wani lokacin kuma furotin ɗin da ke kan dutsen ne ya lanƙwashe wajen ƙera shi, ya buɗe wurin da a jikin mutum a rufe yake, sai a ga lamba sama alhali babu haɗari. Shi ya sa takardar duwatsu ba ta tsayawa ita kaɗai, sai an haɗa ta da tarihin mutum: ciki nawa, na wa, ledar jini nawa aka ƙara, yaushe.

Ana cikin haɗa kuɗin aiki jininta ya yi ƙasa sosai. Ƙodar da ta mutu ba ta fitar da sinadarin da ke umartar ɓargo ya ƙera jini, abin da ya kamata shi ne allurar wannan sinadarin, wato eritropoyetin, da ƙarin sinadarin ƙarfe a kai a kai. Allurar ta yi tsada, aka yi ta tsallakewa. Wani dare ta faɗi, aka kai ta asibiti mafi kusa aka ƙara mata leda uku daga 'yan'uwa da abokan arziki, ɗaya daga ciki ta ɗanta na fari ce. Babu matatar da ke cire fararen ƙwayoyi a wurin. Ba na ganin laifin wanda ya ceci rai a daren nan, amma mai jiran dashe, musamman macen da ta haihu, a guje mata ƙarin jini iya iyawa, in ya zama dole a tace shi, kuma kada a ɗauko daga wanda ake sa ran zai ba ta ƙoda ko daga 'ya'yanta. Ƙwayoyin da suka haddace Bw4 tun haihuwar fari suna nan kwance shekara ashirin, jinin ɗanta ya tashe su. Bayan ƙarin jini a kan jira mako biyu zuwa huɗu a sake ɗiba. Da aka sake, duk jerin nan ya haura 10,000.

Maigida bai gamsu da lambobi ba, sai aka yi gwajin gamayya, wanda ake haɗa ƙwayoyinsa masu rai da ruwan jininta. Nasa jinin a kwalba mai ruwan ɗorawar murfi, ba a sa shi a firji, ba a barinsa a rana, kuma ya isa ɗakin gwaji cikin kwana biyu, in ba haka ba ƙwayoyin su mutu a hanya a rasa gane wa ya kashe su. Ana ware fararen ƙwayoyinsa gida biyu, ƙwayoyin T da ƙwayoyin B, saboda T kashi na farko na HLA kawai suke ɗauke da shi, B kuwa duka biyun. A faranti mai ƙananan ramuka sittin, a ƙarƙashin ɗigon mai don kada ya bushe, a sa maikurolita ɗaya (ɗan mitsitsin ɗigo) na ruwan jininta da ɗaya na ƙwayoyinsa. Minti talatin. Sai a ƙara maikurolita biyar na ruwan jinin zomo, wanda ke ɗauke da kwamfilimen, wato 'yan rusau ɗin da wutsiyar antibodi ke kira su huda ƙwaya. Awa ɗaya. Sai a sa rini a duba a madubin likita, masu rai kore, matattu ja. Maki 1 na nufin waɗanda suka mutu ba su wuce kashi goma cikin ɗari ba, maki 8 na nufin sun haura tamanin. Ana kuma maimaitawa da sinadarin DTT, wanda ke karya wani nau'in antibodi da ake kira IgM da kan ba da tsoro a banza. Nasu ya ba da 8 a T, 8 a B, da DTT da babu.

"Likita, a yi mana dai, Allah ne mai kiyayewa."

Likitan ya ce masa, "Alhaji, Allah ne mai kiyayewa, kuma Shi ya nuna mana wannan tun kafin a yanka ka." Sannan ya faɗa masa abin da Ramon Patel da Paul Terasaki suka buga a 1969: cikin mutum 30 da aka yi wa dashe alhali gwajin gamayyarsu ya nuna kisa, ƙodar 24 ta mutu nan take, cikin 195 da gwajinsu ya fito lafiya kuwa 8 ne kawai. Yadda abin ke faruwa ba kyan gani. Ana sakin jini cikin sabuwar ƙodar ta yi jawur, cikin mintoci antibodi ya lulluɓe shimfiɗar jijiyoyinta, 'yan rusau su huda, jini ya daskare a ciki, ta koma shuɗiya ta yi laushi a hannun mai fiɗa. Sai dai a cire. Shi ya rasa ƙoda, ita ta koma wanki da jiki mafi tsauri.

Babban ɗanta ya ce to shi fa. Aka duba takardar ubansa: ƙunshi ɗaya B53, ɗayan A23, kuma A23 na cikin 'yan nau'in A da ke ɗauke da Bw4. Ko wanne yaro ya gada, billen na nan. 'Ya'ya shida suka fita a lissafi rana ɗaya. Ɗan kawunta ya zo, aka tarar da B58, shi ma Bw4. A ranar Hajiya ta ce, "Yanzu 'ya'yan da na haifa ne jikina ke gani a matsayin baƙi?" Babu wanda ya iya ba ta amsa a ɗakin.

An tattauna rage antibodin da ƙarfi: a tace ruwan jininta sau da yawa a zubar, a ƙara mata antibodin mutane da aka tara, a ba ta rituksimab don rage ƙwayoyin B. Ana yi, amma ga mai maki 8 ba ya cika sauka, kuma ƙwayoyin da ke ƙera shi suna zaune a ɓargo inda waɗannan magunguna ba sa kashe su, sai ya dawo. A ƙasashen da ke da tsarin musanya, wanda aka fara a Koriya ta Kudu a 1991, da maigida ya ba wani mara lafiyar, ɗan'uwan wancan ya ba Hajiya. Wannan sai da rajista mai mutane da yawa.

Aka koma gidan mahaifinta. Su ashirin da ɗaya ne, ɗaki uku. 'Yan uba ƙunshin uba kawai za su iya haɗawa da ita, rabinsu ma ba za su haɗa ba, sai dai in iyayen mata dangin juna ne, abin da auren zumunci kan kawo. Shaƙiƙai kuwa lissafinsu sananne ne: ɗaya cikin huɗu ya yi kama da kai gaba ɗaya, biyu cikin huɗu rabi, ɗaya cikin huɗu babu ko ɗaya. Nata uku ne. Yayanta namiji na da ciwon suga, ba a ma ɗebi jininsa ba. Ƙanwarta ta gaji B44, Bw4 ke nan. Sai autansu, mai ɗinki, ɗan shekara talatin da huɗu, jininsa B. Ya haɗa ƙunshin A30 da B35 da ita, ɗayan kuma A30 da B42, tare da DR18 da DQ4. B42 Bw6 ne, kuma ya yi kama da B7 ɗinta sosai. Dutsen B42 a takardarta yana kwance, na DR18 da DQ4 ma haka. Gwajin faranti ya ba da 1. Aka ƙara da na na'urar da ke ƙirga ƙwayoyi ɗaya-ɗaya da haske, wanda ke kama ɗan antibodin da bai kai ya yi kisa ba, shi ma lafiya.

"Yaya, ai ke kika goye ni," abin da ya ce ke nan da ta fara yi masa maganar matarsa da 'ya'yansa.

Aka yi aiki. Fitsari ya zubo tun tana kan tebur, cikin mako kiriyatinin ɗinta, wato dattin da ake aunawa a jini don sanin aikin ƙoda, ya sauko daidai. Aka sallame ta da magungunan hana jiki far wa sabuwar ƙodar: takrolimus duk awa goma sha biyu, da maikofenolet, da firednisolon.

Shekara ɗaya da rabi lafiya lau. Sai tari ya kama ta, aka gano tarin fuka a wani asibitin kusa da gida, aka ɗora ta kan magani, babu wanda ya sanar da likitocin dashe. Cikin maganin akwai rifamfisin, wanda ke sa hanta ta riƙa narkar da takrolimus da sauri. Tana shan ƙwayarta a kan lokaci, amma abin da ke saura a jini bai taka kara ya karya ba. In dole sai an ba da rifamfisin, a kan ninka takrolimus sau biyu zuwa biyar ana auna shi a jini, ko a musanya da rifabutin. Muhimmancin abin shi ne ƙwayar B ba ta iya ƙera antibodi mai ƙarfi sai ƙwayar T ta ba ta izini, takrolimus kuma shi ke riƙe da T. Da ya saki, jikinta ya waiwayi abin da ke baƙo a ƙodar ƙaninta. B42 ya yi kama da nata, bai dame shi ba. DQ4 ya kama, kuma dama cikin antibodin da ke tasowa bayan dashe na DQ ne suka fi yawa.

Irin wannan ba ya zuwa da zazzaɓi ko ciwo. Fitsari ne ya fara kumfa, kiriyatinin ya riƙa hawa a hankali. A wata na biyar da fara maganin tarin aka yi gwajin duwatsu, DQ4 ya fito sama. Aka ɗebo ɗan silin tsokar ƙodar da allura, aka ga fararen ƙwayoyi cunkushe a ƙananan jijiyoyi, ga kuma C4d, wato sawun da 'yan rusau ke bari manne a bango bayan sun wuce. Aka tace ruwan jininta sau biyar, ana tsallake kwana ɗaya-ɗaya, bayan kowane zama a ƙara mata antibodin mutane, aka gyara takrolimus, ta kuma ƙarasa maganin tarinta.

DQ4 ya ragu, bai ɓace ba. Kiriyatinin ya tsaya sama kaɗan da inda yake da, bai sake hawa ba. Yanzu duk wata uku ana auna takrolimus da fitsari, gwajin duwatsu kuma sau ɗaya a shekara, jerin Bw4 ɗin nan har yau yana fitowa a takardar ko da yake babu abin da zai kama a ƙodar autan. A jakarta akwai wani kati da 'yarta ta rubuta mata da Hausa da Turanci, duk asibitin da ta shiga shi take fara miƙawa kafin katin asibitin: an yi mata dashen ƙoda, tana shan takrolimus, kada a ba ta sabon magani ko a ƙara mata jini sai an kira lambar da ke ƙasa.